Kuɗin Karatun Yara a Ƙasar Wurno

Dinawa gari ne a cikin ƙasar Wurno, arewa maso gabas da birnin Sakkwato. Mutanensa manoma ne, kamar maƙwabtansu na Acida da Raba da Goronyo. Da damina su noma gero da dawa da wake a tudu. In rani ya yi, masu fadama su gangara su dasa albasa da tafarnuwa, waɗansu su yi shinkafa ko alkama. Wanda ba shi da fadama kuwa, sai ya ɗaure ƙunshinsa ya tafi cin rani, ba a sake ganinsa sai hadari ya fara haɗuwa a gabas.

A cikin irin waɗannan garuruwa za ka tarar da maƙwabta biyu, gonarsu kusan ɗaya, rumbunsu kusan ɗaya, amma guda 'ya'yansa duka suna zuwa makaranta, ɗayan kuwa bai sa ko ɗaya ba, ko kuwa ya sa ya cire. In ka tambaye shi dalili sai ya ce maka, "Babu hali." Ba ƙarya ya yi ba. Amma maganar tana da sauran bayani, gama maƙwabcin nan nasa ma ba wani hali gare shi ba. To, abin da za mu bincika ke nan: mene ne ke sa mai gida ya kwance bakin jakarsa sabo da karatun yaro, mene ne kuma ke sa ya ƙulle?

Makarantar allo

Mu fara da abin da kowa ya sani. Ƙasar nan ba baƙuwar ilmi ba ce. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ɗan Shehu Usmanu, shi ya mai da Wurno ribaɗi ya zauna a ciki, a nan ya rasu cikin shekarar 1837, kabarinsa kuwa yana nan ana ziyara. Ƙanwarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ita ta kafa 'Yan Taru, watau matan ƙauyuka waɗanda ke tasowa ƙungiya ƙungiya, jaji na gaba, su zo su ɗauki karatu, su koma su koya wa 'yan'uwansu. Ba su kuwa zuwa hannu rabbana. Su kan riƙo abin da gida ya samu, ko hatsi, ko man shanu, ko zuma.

Haka makarantar allo ta ke tafiya. Uba ya sai wa yaro allo, tawada a haɗa ta a gida, alƙalami a fiƙe shi daga kara. Ran Laraba a ba yaro ɗan abin da ya sawwaƙa ya kai wa malam, shi a ke kira kuɗin Laraba. In babu, a ba malam haƙuri, ba a korar yaro. In kaka ta yi a kai wa malam dami, yara kuma su taya shi aikin gona. Ran da yaro ya kai wata sura wadda a ke yi wa sadaka, a toya masa ko a tuƙa tuwo a raba. Ran sauka kuwa, mai hali ya yanka rago.

In an tara waɗannan duka, ba ƙaramin abu ba ne. Amma ba safai ka kan ji mutum ya ce makarantar allo ta fi ƙarfinsa ba. Me ya sa? Sabo da biyanta ya dace da zaman manomi. Da hatsi a ke biya, lokacin da hatsi ke akwai, kowa gwargwadon abin da ya samu. Ga shi malam ɗan gari ne, an san shi, ya san mutane. Bayan wannan kuma, mai bayarwa ya sakankance yana da lada. Ku riƙe wannan, gama za mu komo kansa.

Makarantar da a ke cewa kyauta ce

Makarantar boko daga baya ta zo. A 1909 Ɗan Hausa ya buɗe tasa a Nasarawa ta Kano, a 1922 aka yi bikin buɗe Kwalejin Katsina. A zamanin nan ba iyaye ke neman makaranta ba, makaranta ke neman yara. A kan aika wa uban ƙasa ya kawo yaro kaza, mutane na ɓoye nasu a bayan rumbu.

Kwanci tashi, cikin 1976 gwamnatin Nijeriya ta ce karatun firamare kyauta ne ga kowa. Ran 30 ga Satumba 1999 Shugaba Obasanjo ya zo birnin Sakkwato ya ƙaddamar da sabon shiri, a 2004 aka mai da shi doka. Dokar ta ce ko wane yaro, mace ko namiji, zai yi shekara 9 yana karatu, 6 a firamare, 3 a ƙaramar sakandare, tilas ne, ba kuwa za a karɓi kuɗin makaranta ba.

Madalla. Amma duk wanda ya taɓa sa yaro makaranta ya san kyautar nan ba ta hana taɓa aljihu. Akwai riga da wando irin na makaranta, da hijabi in mace ce, da takalmi. Akwai littattafan rubutu, da fensir wanda ba ya kwana uku bai ɓace ba, da sabulun wanki, da kuɗin tara. In makaranta na nesa akwai kuɗin babur. Wani lokaci ƙungiyar iyaye da malamai ta yanka wani abu don gyaran rufi ko benci. Ko wane ɗaya daga cikinsu ƙarami ne. Amma mai 'ya'ya 6, sau 6 zai saya, kuma ba a karɓar dami, sai tsabar kuɗi.

Kada ku ce a ƙasarmu kaɗai a ke haka. Akwai wata hukuma ta Majalisar Ɗinkin Duniya mai lura da sha'anin ilmi, sunanta UNESCO. A 2021 ta yi lissafi, ta ce a ƙasashe marasa ƙarfi, cikin ko wace naira 100 da a ke kashewa a kan ilmi, wajen 39 daga hannun iyaye su ke fita. A ƙasashe masu arziki kuwa 16 ne kurum, saura gwamnati ke ɗauka. Watau inda mutane suka fi talauci, nan aka fi aza musu kaya.

In kuwa an rage kayan, yara su kan fito. Akwai wata ƙasa a gabashin Afirka, sunanta Yuganda. A 1997 ta soke kuɗin firamare, cikin shekara guda 'yan makaranta suka tashi daga wajen miliyan 3 suka haura miliyan 5. A maƙwabciyarta Kenya kuma an gwada raba wa yara rigar makaranta kyauta a waɗansu makarantu, aka ga masu barin karatu sun ragu. Riga fa kurum! Ashe da yawa daga cikin iyayen da a ke cewa ba su son boko, ɗan abu kaɗan ne ya tare su.

Lokacin da kuɗi ke shigowa

Shekarar makaranta cikin Satumba ta ke farawa. Manomi kuwa ya san abin da watan Agusta ke bari a gida: rumbu ya yi ƙasa, ga bashin taki, sabon gero bai gama shigowa ba. In ya shigo, kowa ya kwasa ya nufi kasuwa gaba ɗaya, sai farashi ya faɗi. Sabo da haka wanda ya sayar da sabon gero don ya ɗinka wa yara kaya, ya sayar a lokacin da gero ya fi araha cikin shekara duka. Wanda ya ƙi sayarwa kuwa ya ce yara su dakata tukuna. Su dakata mako biyu, su dakata wata guda, har a yi musu nisa a karatu, yaro ya shiga jin kunyar komawa.

Mai fadama ya fi samun sauƙi a nan. Gulbin Rima ya ratsa ƙasar Goronyo da ta Wurno, an kuma gama madatsar ruwa ta Goronyo a 1984. Mai noman rani yana da kaka biyu. Bayan ya girbe gero, wajen Fabrairu zuwa Afrilu ya kwashe albasa. In yana da haƙuri ya jera ta a rudu, yana fitarwa kaɗan kaɗan yayin da ta yi daraja. Ko da abin da ya samu cikin shekara bai fi na maƙwabcinsa ba, nasa a rarrabe ya ke zuwa, sabo da haka ran da yaro ya ce littafinsa ya cika, akwai abin saye. Ɗan cin rani kuwa da farkon damina ya ke komowa da nasa, kafin Satumba taki da abinci sun cinye.

Amma fadama ma tana da cikinta. Injin ban ruwa fetur ya ke sha, tun kuwa da aka janye tallafin mai a 2023 kuɗin fetur ya ninka. In mai gida ya tashi da kuɗi kaɗan, ga albasa na jin ƙishi, ga yaro na son littafi, kun san wanda za a fara ba.

Aikin yaro

Yanzu mun zo kan babbar magana. Kuɗin da ya fi yawa cikin karatun yaro ba shi ne wanda ke fita daga aljihu ba. Shi ne wanda da zai shigo, amma bai shigo ba sabo da yaro yana cikin aji.

A gidan manomi yaro ɗan shekara 10 ba cima-zaune ba ne. Shi ke kai awaki kiwo, shi ke kora jaki, shi ke kai abinci gona. Lokacin dashen albasa hannunsa ya fi na babba sauri. In shinkafa ta fid da kai, shi ke wuni yana korar jan-baki. In ya tafi makaranta, ko dai a ɗauki ɗan ƙodago a biya shi, ko aikin ya kwana. Shi ya sa malaman ƙauye ke ganin aji cike a wani wata, a wani watan kuwa sai benci.

Na yarinya ya fi wannan nauyi. Matan aure da yawa a ƙasar nan ba su fita kasuwa, amma kusan ko wace tana da sana'a a cikin gida: fura, ko ƙosai, ko ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Wa ke kai wa masu saye? 'Yarta. Yarinya ita ce ƙafar uwarta. Ribar tallan nan kuwa ba ta banza ba ce. Da ita uwa ke zubin adashi, da ita ta ke sayen 'yar akuya, da ita ta ke tara kwanoni da gado da katifa, domin ran da za a kai yarinya ɗakinta kada a ji kunya.

Bari mu yi lissafi, a bisa misali. A ce ribar tallan yarinya a wuni ta kai kuɗin rabin mudun gero. A ce kuma ana zuwa makaranta kwana 5 a mako, mako 36 a shekara, watau kwana 180. Rabin mudu sau 180, mudu 90 ke nan. To, kun ga uwar da ta saki 'yarta ta tafi makaranta ta ba da mudu 90 a shekara, ko da ba a karɓi ko kwabo a hannunta ba. Mai gida kuwa sau da yawa bai san da wannan lissafi ba, tun da ba daga rumbunsa ya fita ba. Sai ya yi ta faɗa, yana cewa ya sai wa yarinya kaya amma uwarta ta hana ta zuwa.

An gwada maganin wannan a ƙasar nan tamu. A 2014 hukumar UNICEF, mai kula da yara, ta haɗu da gwamnatin Jihar Sakkwato, da taimakon kuɗi daga Ingila, suka shiga biyan naira 5,000 a kan ko wace yarinya, lokaci lokaci cikin shekara, a waɗansu makarantu na ƙananan hukumomi 6. Wurno da Goronyo suna ciki. Abin lura shi ne, a hannun uwaye aka fi danƙa kuɗin, gama su ne tallan ke yi wa amfani. Da aka zo aka duba, sai aka tarar 'yan mata sun ƙaru a makarantun nan. Dabarar ba sabuwa ba ce, ƙasar Meziko ta fara irinta tun 1997. Aibinta ɗaya, ba ta ɗorewa sai in mai biya ya ɗore.

Akwai kuma masu cewa ɗiya mace ta gidan wani ce, in an kashe mata kuɗi wani zai ci amfani. A ganinmu wannan lissafi gajere ne. Mutumin da ke faɗin haka, ran da naƙuda ta yi wa matarsa gardama aka kai ta asibiti, shi ne na farko da zai ce shi dai mace ya ke so ta duba ta. To, ungozomar asibiti ba daga sama ta ke faɗowa ba. 'Yar wani ce, wanda ya haƙura da tallanta shekara da shekaru.

Abin da mutum ke sa ran samu

Manomi ba ya zuba taki a gonar da ya san ba ta bayarwa. Haka kuma ba ya kashe kuɗi a kan karatun da bai ga amfaninsa ba.

A da, amfanin a fili ya ke. Ahmadu Bello a Raba aka haife shi. Ya yi makaranta a Sakkwato, ya gama Kwalejin Katsina a 1931, ya zama malami a Midil ta Sakkwato. A 1934 aka naɗa shi Sarkin Raba, a 1938 Sardauna, a 1954 ya zama Firimiyan Jihar Arewa. Gaskiya ne shi ɗan sarauta ne, jikan Sarkin Musulmi. Amma a zamaninsa ko ɗan talaka in ya gama Midil, aiki na jiransa a En'e, ko malanta, ko aikin asibiti, ko na gona. Da mutane suka ga haka, waɗansu daga cikin masu ɓoye yara suka koma suna kai su da kansu.

Yau ba haka ba ne. Mai gida yana ganin saurayi ya gama sakandare, har ya wuce gaba, ya komo gari da takarda yana zaune, noma ya fi ƙarfinsa, aikin ofis bai samu ba. Wanda ya fi wannan ciwo, yana ganin yaro ya shekara 5 a firamare, a miƙa masa wasiƙa ya kasa karantawa, ko don malam ba ya zuwa, ko don yara sun yi wa malam ɗaya yawa. In irin wannan uba ya ƙulle jakarsa, kada a yi saurin kiransa jahili. Ya ƙi cinikin biri a sama ne.

Abin da zai tabbatar muku da haka shi ne makarantun Islamiyya. Ga ta gwamnati kyauta, amma mutum ya kai ɗansa Islamiyya yana biya wata wata, bai yi ƙorafi ba, sabo da da maraice yana jin yaro na biya abin da aka koya masa. Dalilin nan ne da muka faɗa a kan makarantar allo. Gwamnati ma ta lura, shi ya sa aka yi ta ƙoƙarin gama karatun biyu wuri guda, kamar makarantar almajirai wadda Shugaba Jonathan ya buɗe a Gagi, cikin Sakkwato, a 2012.

Akwai kuma abin da ya fi ƙarfin lissafin mai gida. A Satumba 2010 ambaliya ta ci gidaje da gonaki a kwarin Rima, tun daga Goronyo har ƙasa. A Yuli 2018 'yan bindiga suka faɗa wa Tabanni a ƙasar Raba, a Oktoba 2021 suka faɗa wa kasuwar Goronyo. Wanda ya bar gonarsa ya yi gudun hijira, ko ya sayar da shanunsa ya fanshi ɗan'uwa, ba shi da ta littafi. Uba kuma ba ya sakin 'yarsa ta bi hanyar daji zuwa sakandare in ba ya da tabbacin komowarta.

Kai da ka koyi karatu da girma

Masu bincike a ƙasashe da yawa sun tarar da abu guda: gidan da uba ko uwa suka iya karatu ya fi kashe wa yara kuɗin ilmi, ko da samunsu ɗaya da na maƙwabta. Dalili kuwa ba ɓoyayye ba ne. Wanda bai iya karatu ba, biya kurum ya ke yi, ba shi da hanyar sanin ko an ba shi abin da ya saya. Kai kuwa yanzu kana da ita.

In yaro ya komo, ka ce ya kawo littafinsa. Ka duba kwanan wata a kan shafi, ka ga yaushe aka yi rubutu na ƙarshe, ka ga ko malam ya sa hannu da jan biro. Ka buɗe wannan littafi da ke hannunka, ka nuna masa layi ɗaya ya karanta maka. In ɗan aji 4 ya kasa, ka tafi wurin shugaban makaranta da ladabi ka tambaya, ka kuma tafi da waɗansu iyaye, gama an fi sauraron mutum biyar bisa mutum ɗaya. In an ce a kawo kuɗi, ka tambayi na mene ne, ka karɓi rasit ka ajiye.

Sa'an nan ka sami takarda ka rubuta sunayen 'ya'yanka, maza da mata, ko wane da abin da zai bukata cikin shekara. Ka zauna da uwarsu ku yi lissafin talla tare, ku ga ko za a iya mai da shi bayan an taso daga makaranta, ko ranar da ba a zuwa. Ran da ka ke fid da zakka da damin malam, ka fid da na makaranta a gefe, kada ka sayar sai hatsi ya yi daraja. In kana da albasa a rudu, ka ware kwandon da za a sayar cikin Agusta, a kai wa tela yadi tun kafin layi ya yi tsawo a ƙofarsa.